Injin Da Ba Ya Jin Zagi

"Sannu da gida, tsohuwa. Ashe har yanzu kina nan? Na zaci zan tarar an rufe tagogi."

"Ina nan daram, ɗan nema. Ba inda za ni sai na ga ranar da ka koyi cire takalmi a bakin ƙofa. Koma ka tuɓe waɗannan kwale-kwalen."

Vidar ya koma ya tuɓe. Kakarsa Gunvor tana gaban murhu tana jiran gahawa ta tafasa, bindigarta mai baki biyu tana buɗe a kan tebur kusa da farantin burodin kirfa. Asabar ke nan a gidan nan: gahawa, burodi, sai a gangara saurar da ke bayan sito a harbi tantabarar yumɓu, faifan nan mai ruwan lemo da ake wurgawa sama a bi shi da harsashi.

Tun tana amarya take wannan harbi. Mijinta Evald kuwa, ko bangon sito aka ce ya harba sai ya sami saniyar maƙwabta, don haka shi aka bar wa jifa. Yakan durƙusa a bayan tsohon majefinsu mai sifirin, ya ɗana shi da ƙarfin damtse, in ta ce "Saki!" ya ja igiya. Da ya rasu, Gunvor ta kulle bindiga a kabad ta zauna a bakin taga. Hunturu guda ba ta leƙa waje ba, har rigunanta suka fara yi mata yawa. Vidar ne, ɗan 'yarta, lokacin gemu bai san hanyar fuskarsa ba, ya jawo majefin ya kafa a ƙarƙashin tagar. Yana wurga faifai yana ihu wai tsohuwa ta makance, kunya ce ta hana ta fitowa. Ta fito don ta ƙaryata shi. Ba ta sake komawa tagar ba.

To yanzu yaron ya sami aiki a ramin haƙar ƙarfe a Kiruna, can ƙarshen arewa, inda sai jirgin ƙasa ya wuni ya kwana da mutum kafin ya kai shi. Jibi zai tafi. Ta sani, ya san ta sani, kuma babu wanda ya yi niyyar fara ɗauko zancen.

"Ajiye wannan burodin. Na baƙi ne."

"Wane baƙo ne zai zo gidan da ake gaishe shi da bindiga a kan tebur?"

"Wanda ba ya cin uku a tsaye."

"Biyu na ci."

"Na ukun yana aljihunka. Ina ganin kansa."

Vidar ya mayar da kan burodin ciki da ɗan yatsa. Ya ce, "Kaka, sa rigar sanyi. Gari za mu."

"Me na ci na gari?"

"Za mu sayo miki wanda zai maye gurbina."

"Tumaki sun yi tsada bana."

"Inji, Kaka. Inji mai jifa da kansa. Ki loda masa faifai, ki taka feda, ya wurga miki."

"Yana cin burodi?"

"Ba ya ci."

"Yana makara?"

"Ba ya makara."

"To da tun yana nan me ya sa aka haife ka?"

Ya yi dariya. Ita ta juya masa baya, ta ɗauki kofin da ta riga ta wanke ta sake wanke shi. Ta daɗe a kan kofin nan.

"Ni fa na yi tunani," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Kafaɗar nan ta fara yi mini ƙorafi. Bana ajiye bindigar zan yi. Mutum ya san girmansa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Vidar. Ya dubi bayan wuyanta, ya dubi kujerar da ke bakin taga, ya haɗiye abin da ke bakinsa.

"Wace kafaɗar? Wadda ta saɓa buhun dankali shekaranjiya?"

"Wa ya gaya maka?"

"Duk ƙauye sun gani. An ce buhun ne ma yake roƙo a sauke shi."

"'Yan sa ido."

"To ki ajiye. Ni kuwa kafin in hau jirgi sai na bi gida-gida na ce idonki ne ya mutu. Zan ce ran nan kin harbi wandon da aka shanya, kin ce agwagwa ce."

"Ƙarya kake!"

"Zan gaya wa matar fasto. Kin san daga bakinta zuwa iyakar Norway ba nisa."

Gunvor ta ajiye kofin da ƙarfi. "Ɗauko mini rigar. Zan je ne in ga abin da zai fi ka hankali. Ba zai yi wuyar samu ba."

Shagon Torsten yana bakin gari, inda ake sayar da harsashi da takalman roba da abincin karnuka. Torsten ɗin nan ya taɓa neman Gunvor tun suna samari, ta ƙi shi saboda kunnuwansa, kuma har yau in ta shigo sai ya jawo hula ya rufe su. Ya fita da su filin bayan shago, inda injina uku suke jere suna fuskantar tudun ƙasa.

"Wannan ƙaramin," in ji Torsten, "ba shi da nauyi. Hanya ɗaya yake jifa, miƙe."

"Hanya ɗaya kawai ya sani? Ina da irinsa a gida, ga shi nan tsaye da burodi a aljihu."

"To ga babban. Yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Ba ki san inda zai wurga ba."

Gunvor ta kama shi ta jijjiga. Ko motsi bai yi ba. "Wa zai tura mini wannan zuwa saura? Ko da doki ake sayar da shi?"

"Ke fa aka ce kina saɓa buhu," in ji Vidar.

"Buhu dankali ne a ciki. Wannan me zan dafa da shi?"

Torsten ya gyara hula. "Akwai kuma wata dabara sabuwa. Wannan ɗan akwatin ana rataya shi a ƙirji. Murya yake ji. Da kin ce 'Saki', injin ya saki. Ba feda, ba komai."

"A'a!" in ji Vidar. "Torsten, don Allah kada ka ba ta."

"Me ya sa? Ba ni nan."

Torsten ya rataya mata, ya loda faifai a na tsakiya, ya kunna, kowa ya koma bayan injin.

"To yanzu me zan..."

Fau! Faifai ya tashi.

"Kai! Ban ce..."

Fau!

"Wane irin marar kunya ne wannan, ana magana yana..."

Fau! Fau!

Vidar ya tsuguna ya riƙe ciki. "Kashe, Torsten, kashe! Za ta ƙarar maka da kayan shago kafin ta kai ƙarshen zance!"

"Rufe mini baki, kai da..."

Fau!

Torsten ya kashe. Gunvor ta cire akwatin ta miƙa masa da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera. "Wannan na marasa abin faɗa ne. Ka ajiye wa kanka."

Suka dawo kan na tsakiyan shi kaɗai, kore, mai taya biyu da mariƙi kamar baro. Vidar ya shiga tambaya kamar mai neman aure: batir ɗin yakan yi awa nawa, igiyar fedar tana da tsawo, ana iya ɗaga bakinsa a sauke, zoben da ke kare hannun injin yana da ƙarfi. Gunvor kuma tana bin kowace amsa da aibi. Launinsa na kwaɗo ne. Tayarsa sirara ce. Ƙararsa kamar ta Torsten in yana waƙa a coci.

"Tura shi mu gani," in ji Vidar.

Ta kama mariƙin don ta nuna musu ba zai turu ba. Abin haushi, ya bi ta sumul kamar ɗan akuya.

"Ai ya yi miki, Gunvor," in ji Torsten. "Gara haka. Tunda yaron zai tafi, ba kya zauna ke kaɗai ba ki da mai..."

Ya ga fuskarta. Ya ja hular har gira.

Vidar ya shiga duba wata ƙusa da ba abin da ya same ta.

"A sa shi a mota," in ji Gunvor. "Ban ce na yarda ba. Na gaji ne da numfashin Torsten."

Da rana ta ɗan karkata suna saura. Vidar ya kafa injin a gindin katangar duwatsu, ya saita bakinsa wajen daji, ya ja igiyar fedar ya ajiye a gabanta.

"Saurara, tsohuwa. Kada ki taɓa tsayawa a gabansa. Kada ki sa hannu a cikin zoben nan. In za ki ƙara faifai, ki kashe shi, ki saki hannun tukuna. Yana karya ƙashi."

"Ina harbi tun uwarka tana cin ƙasa."

"Harbi ne wannan? Inji ne. Maimaita."

"Kada in tsaya a gabansa, kada in sa masa hannu a baki. Haka na yi renonka."

Ta sa harsashi biyu, ta rufe bindiga, ta ja abin toshe kunne ta rufe kunnuwanta. Ta kafa ƙafa, ta kai gindin bindiga kafaɗa, ta kwantar da kumatu.

"Saki!"

Shiru. Muryar ta je bakin daji ta dawo.

Ta jira. Evald ma yakan yi nawa wani lokaci. Da jiran ya yi yawa ta buɗe bindiga ta juyo. "Barci kake yi?"

Vidar yana zaune a kan katanga, ya ɗaga hannuwansa biyu, ba komai a ciki. "Ƙafa, Kaka."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Ta sake shiri. Ta ja numfashi.

"Saki!"

"Ƙafa!"

"To ai ka bar mutum ya yi tunani!"

Shekara kusan hamsin baki ne yake kira, hannun wani ya amsa. Ƙafar Gunvor ba ta taɓa sanin da ita a cikin sha'anin ba. Karo na uku ta tuna, amma sai ta sunkuya tana neman fedar da ido. Kafin ta ɗago, faifan ya kai rabin hanya. Ta bi shi da baki biyu, ya wuce abinsa ya sauka cikin gansakuka lafiya lau.

"Ya ce a gaishe ki," in ji Vidar.

"Kai ka saita shi a karkace."

"Miƙe yake kamar sanda."

"To iska ce."

"Ko ganye bai motsa ba."

"Numfashinka ne. Tashi daga nan, kana cika mini ido."

"Shi ke nan. Dama haka za ki riƙa yi. Yi kamar ba na nan."

Ya diro daga katanga ya haura wajen gida, ya ɓace a bayan sito.

Gunvor ta tsaya ita da injin. Ta ɗora tafin ƙafa a kan feda tun kafin ta ɗaga bindiga. Ba ta kira ba. Ta taka. Faifan ya fita, ta bi shi, ya tarwatse ya zama ƙura. Injin ya yi ƙuuu, ya ɗana kansa. Ta sake takawa. Ƙura. Ta canza harsashi, ta taka, ta taka. Ko ɗaya bai kai ƙasa da ransa ba. Abin nan ya iya jifa, kowane faifai yana bin sawun ɗan'uwansa.

Ta juya da murmushi, baki a buɗe, gori ya riga ya hau kan harshe.

Katanga ce. Sai injin, kore, ya ɗaga hannu yana jira.

"Ka gani?" ta ce masa.

Bai gani ba.

"Kai, mummuna. Mai launin kwaɗo. Da kai nake."

'Yar jar fitilarsa tana ci, shi ke nan. Wani tsuntsu ya yi kuka a daji ya yi shiru. Gunvor ta buɗe bindiga ta zare harsasan ta zuba a aljihu. Ta kashe injin, ta saki hannun kamar yadda aka koya mata, faifan da ke ɗane ya tashi ba mai binsa. Ta zauna a kan katanga da bindiga a cinya.

Nan Vidar ya same ta. Ya zo da fara'arsa. "Na ji daga can! Ashe da sauranki!"

"Mayar wa Torsten."

"Ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau. Shi ne aibinsa."

"Kaka, ban gane ba."

"Yaushe ka taɓa ganewa? Kakanka jifansa karkatacce ne, kamar hancinsa. Kai kuma maƙaryaci ne. In ce saki, ka yi tari, ka ɗaure takalmi, sai na sauke bindiga ka ja igiya. In na kuskure na san wanda zan zaga. In na samu na san wanda zan yi wa gori. Wannan fa? Na zage shi tas, ya ce mini ƙuuu."

"To ki zagi kanki mana."

"Ni ban taɓa laifi ba."

Ta faɗi haka ne don ya yi dariya, amma muryar ba ta fito daidai ba. Ta kau da kai wajen daji. Vidar ya zauna kusa da ita. Kafaɗarsa ta fi tata tsawo yanzu, ba ta san yaushe hakan ta faru ba.

"In kin ce in zauna, sai in zauna," ya ce a hankali.

"Ka zauna ka yi me? Ka ƙarasa mini garin burodi? Aikin nan ka yi shekara kana nema. Ka tafi. In ka fasa, da wannan bindigar zan raka ka tasha."

Vidar yana wasa da abin toshe kunnensa, irin na masu yankan katako, babba mai maɓallai a gefe. Can sai ya daina wasan. Ya dube shi, ya dube ta.

"Ina wayarki?"

"Tana aljihu. Uwarka ta ce in na faɗi a daji in kira ta. Kamar wanda ya faɗi yana da lokacin hira."

"Kawo. Ba ni naki abin kunnen, karɓi nawa."

"Yana warin kanka."

"Turare ne. Sa."

Ya yi 'yan danne-danne a wayar, ya haɗa ta da abin kunnen, ya nuna mata maɓallin amsa kira, ya mayar mata aljihu. Ya kunna injin, ya ce ta tsaya a wurinta, ya sake haurawa bayan sito da sauri. Gunvor ta tsaya tana gunaguni. Sai wata ƙara ta tashi a cikin kunnuwanta biyu, har ta yi tsalle. Ta lalubi maɓallin da ya nuna mata ta danna.

"Tsohuwa, kina jina?"

Muryar tana tsakiyar kanta, kamar ya shiga ya zauna.

"Wa ya ba ka izinin shiga nan? Fita, ban yi shara ba."

"Kai, wurin nan fili ne! Ba komai a ciki sai zagi a jere a kan kanta kamar kayan shago."

"Taɓa ɗaya ka gani."

"Sa harsashi. Ɗora ƙafa a feda. Amma ba za ki taka ba sai na ce. Ke ki kira, ni in ba da izini."

Ta yi tsaki, amma hannunta ya riga ya shiga aljihu. Ta rufe bindiga. Ta kwantar da kumatu.

"Saki!"

"Mm... tukuna."

"Saki, na ce!"

"Bari in ɗaure takalmi."

"Ɗan banza, hannuna ya fara..."

"Yanzu!"

Ta taka a firgice. Faifan ya fita tana tsakiyar zagi, ta harba baya da shi, ta harba ƙasa da shi, ya tafi yana rangaji ya sauka can nesa.

"Allah ya isa! Mugu! Jinin Evald! Da gangan ka yi! Mai ƙafa kamar kwale-kwale, mai hannu kamar cokali!"

"Kin kuskure ke nan."

"Na samu."

"Kin kuskure."

"Kana bayan sito, me ka gani? Na mayar da shi gari."

"Ba sai na gani ba. In kin kuskure, har kakana sai ya sha. In kin samu, shiru kike yi, sai ki ce 'hm' ta hanci, kamar wadda aka ba canji daidai."

Gunvor ba ta taɓa sanin tana yi ba. Ashe duk shekarun nan da yake durƙushe a bayanta yana cin burodinta, kunnensa yana kanta.

"Sake," ta ce.

"Kira."

"Saki!"

"Yanzu!"

Wannan karon bai ja ba ko kaɗan, don ya san jan take jira. Amma ita ma ta san shi. Faifan bai kai ko'ina ba ya zama ƙura mai ruwan lemo, iska ta ɗauke.

Ta danne leɓɓanta. Ta yi iya ƙoƙarinta. Ya fito ta hanci.

"Hm."

Dariyarsa ta cika mata kai, har sai da ta ɗaga abin kunnen gefe guda.

Suka yi ta yi har injin ya ƙare faifansa. Ta samu, ta kuskure, ta yi ƙarya sau biyu ya kama ta sau biyu. Da ya gangaro daga bayan sito, ta riga ta kashe injin ta saki hannun, tana tsaye tana jiransa da abin kunnen a wuya.

"Daga ramin naku ana samun waya?"

"Daga sama ana samu. Asabar bayan gahawa. In aiki ya kama ni, Lahadi bayan coci."

"Za ka manta. Wata 'yar arewa za ta ɗauke maka ɗan hankalin da ya rage."

"Sai in miƙa mata wayar ita ma ta sha nata."

"Ka zaɓo mai baki. Ba na son wadda zan zaga ta ce mini ƙuuu."

Suka shiga saurar suna tsintar faifan da ba su fashe ba. Mutanen wannan yanki na Småland ba sa barin abin da bai mutu ba a ƙasa. Faifan da ya tsira yau, gobe ya sake tashi. Vidar yana tarawa a hularsa yana lissafa mata kuskurenta da ƙarfi, ita tana cewa duk na injin ne da ya saki da kansa. Can wajen bakin daji ta sunkuya ta zaro ɗaya daga cikin gansakuka, wanda ya tsere mata lokacin ɗaurin takalmi. Ko tsagewa bai yi ba. Ta goge shi da gefen rigarta. Vidar ya miƙo hula, ta ƙi sakawa.

"Wannan ba na tari ba ne. Wannan laifinka ne. Ungo."

"Me zan yi da shi?"

"Ka tafi da shi. Ka ajiye inda za ka riƙa ganinsa kana jin kunya. Kirsimeti ka dawo mini da shi, ka jefa da hannunka, in nuna maka yadda ake yi."

"Faifan yumɓu, Kaka? A jirgin ƙasa? In ya fashe a hanya fa?"

"To kada ka dawo."

Ta yi taku biyu ta tsaya.

"A'a. Ka dawo. Wannan zagin ba na waya ba ne."

Vidar ya zaro burodin nan daga aljihu ya cusa a baki don ya sami wuri, ya naɗe faifan a cikin safar hannunsa, ya sa a aljihun ƙirji ya ja zif. Idonsa ya yi ja, ya ce kirfa ce ta shaƙe shi.

"Injin fa?" ya ce da ya haɗiye. "In mayar wa Torsten?"

Gunvor ta riga ta kama mariƙin. Ta tura shi ya bi ta, tayoyin suna tsalle a kan duwatsu.

"Matsa mini daga hanya. Kusa da ƙofar sito zan sa shi, inda ba sai na nemi wani ƙato ya jawo mini ba."